Kunun Lantarki

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, Hajiya ta yi haƙuri da ni wata uku cur kafin ta fara tambayata ko ba ni da abokai a waje. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, in fita da sassafe in dawo bayan la'asar, ban taɓa sanin yadda gidana ke tafiya ba. Da na zauna sai na gano ashe komai a karkace ake yin sa. Igiyar shanya ba ta inda rana ta fi bugawa, akurkin kaji ba shi da tagar shan iska, randa kuma an girke ta a inda bai dace ba. Duk na gyara. Kaji biyu sun mutu a cikin gyaran, amma na danganta abin da ajali. Daga nan idona ya faɗa kan kunun zaƙi.

A ɓangarenmu na Gumel, in ka ce kunun Hajiya ba mai tambayarka wace Hajiya. Shekara ashirin da shida tana yin sa. Direbobin Maigatari suna saye a tasha, ma'aikatan sakatariya suna aikowa, 'yan adaidaita suna tsayawa a ƙofar gida su kira. In ana suna a Ɗanzomo ko biki a Sule Tankarkar, jarka-jarka ake zuwa ɗauka. Dattawan da ke zama gindin dalbejiya a ƙofar masallacinmu kuwa kullum bayan la'asar sai ta aika musu da babban jug, sadaka. Ba ta taɓa yin talla ba, sunanta ne ke yi mata. Ni kuwa, da duk takarduna, in ana kwatancen gidana sai a ce gidan mijin mai kunu. Abin yana cizona, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Yadda take yi ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ta jiƙa gero, a niƙo shi da citta da kanumfari da ɗan barkono. Ta tafasa ruwa a babbar tukunyar dalma har ya yi bore, ta sheƙa a kan ƙullun ta dama ya yi kauri. Sai ta jira ya huce, tana gwadawa da bayan hannu, sannan ta zuba niƙaƙƙen tsiro, wato dawar da aka yayyafa wa ruwa har ta fito da ɗan baki aka shanya. Tsiron ne ke tsinka kaurin ya kawo zaƙi. Ta rufe ya kwana, da safe ta tace, ta sa sukari, a ɗura a robobi a sa ƙanƙara. Kafin magariba ya ƙare. Abin da ya rage, in ya rage, na awaki ne, don dokarta ita ce kunun da ya kwana biyu ba a miƙa wa ɗan Adam. Tukunyar kuma kullum sai ta sha wanki da toka an kife ta a rana.

Da itace ta fara, har likita ya ce hayaƙi zai cinye mata ido, ta koma gas. To gas ɗin ne ya yi ta hawa, kullum in an je ɗuri sai an dawo da sabon labari. Wata rana na ji tana mita a madafa, ita kaɗai, irin mitar da mata ke yi ba don a ba su shawara ba. Ni kuwa na ɗauke ta a matsayin takardar neman agaji da aka aiko wa masana.

A cikin makon na ci karo da wani bidiyo a wayata. Wani Bature ne mai gemu, a garejin gidansa, yana nuna yadda ya raba tukunyarsa da gas ya mayar da ita ta lantarki. Ya huda gefenta, ya zura sandar hita, ya ɗaure da roba don kada ta yi yoyo, ya haɗa da wani akwati mai lambobi da ke tsayar da zafi daidai inda aka ce masa. Ba zan yi ƙarya ba, na san abin da mutumin ke dafawa. Giya ce, shi da kansa yana ta faɗa yana murmushi. Na yi a'uzubillahi, na ce ni wayoyin kawai nake kallo, ilimi kuma kayan mumini ne duk inda ya tsince shi. Na kalli bidiyon ya fi sau ashirin. Na ga yana jiƙa tsiron hatsi a ruwan ɗumi yana tacewa, har na yi dariya na ce ashe su ma kunun zaƙi suke farawa da shi kafin su ɓata hanya. Hajiya dai na ce mata wani injiniya ne a ƙasar waje mai dafa shayin sha'ir.

Ranar Alhamis na hau mota zuwa kasuwar Maigatari. A layin masu kayan wuta na samu wani mutum da ya yi shekaru yana gyara a Damagaram, wanda tukunyar gas ma buteli yake ce mata. Na zana masa abin da nake so a bayan kwalin ashana. Ya duba, ya juya kwalin, ya tambaye ni ko a garinmu ana samun wuta ne. Na ce masa wannan ba huruminsa ba ne. Ya haɗo mini hita babba ta tafasa ruwa, da ƙarama da za ta iya aiki da solar da ɗanmu ya sa mana, da akwatin lambobi wanda ya ce daga injin ƙyanƙyasar ƙwai aka ciro shi, da famfo na ƙarfe. Da zan tafi ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai shiga rijiya.

Sai da na yi kwana uku ina lallashi kafin Hajiya ta bar ni na fita da tukunyar. Na kai wa mai walda ya yi mata huda uku. Da na dawo da ita, Hajiya ta zura yatsa a kowace huda, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaure hitoci, na ɗaure famfo a ƙasa, na naɗe jikin tukunyar da tsohuwar katifar soso da bargo don kada zafi ya gudu, na ɗaure da igiya. Da na gama ta yi kama da majinyacin da ɗari ya kama. Na kafa doka ɗaya: daga yau ba mai kife tukunyar nan ko ya dirje ta, don ruwa da waya ba sa ga maciji. A ɗauraye sama-sama ya isa.

Na sa ranar buɗewa, na gayyato maƙwabta biyu su shaida. Ranar aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan kwana huɗu. Masu wutar garinmu ba su da mugunta, ba su dai san da zamanmu ba ne. Wata rana su kawo da hantsi, wata rana ana tsakiyar sallar azahar, wata rana su ƙyalla ta kawai don mu san suna raye. Hajiya ta yi kwana huɗun nan tana tafasa ruwa a tukwanen miya a kan gas ɗin da na ce an yi bankwana da shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai hankali a nan zai tsaya, ni kuwa a nan ƙwaƙwalwata ta buɗe.

Na ce tunda wuta ba ta da rana, duk ranar da ta zo sai a dama na kwana uku gaba ɗaya. In an tace a mayar cikin tukunya, a zuba sukarinsa duka a huta, a rufe ruf. Ƙaramar hita ta riƙe shi da ɗan ɗumi, daidai ɗumin jikin mutum, don lokacin sanyi ne. Kullum sai a murɗa famfo a ɗebi na ranar. In wuta ta sake zuwa, a juye sabo a kan ragowar tsoho. Hajiya ta ce kunu ba ya kwana biyu. Na ce wannan a zamanin itace ne. Na yi mata bayani cewa abin da ke lalata abinci shi ne hawa da saukar zafi, in aka tsayar da shi wuri ɗaya ba abin da zai same shi. Ban san inda na samo wannan ba, amma na faɗe shi da muryar aji, muryar da ba a yi mata gardama. Ta ce, "To, Malam, kai ne ka yi boko."

A mako na biyu tukunyar ta fara magana. In ka kara kunne sai ka ji tana ɗan tsiii a ciki, in ka ɗaga murfi ka ga kumfa tana tasowa a hankali. Hajiya ta kira ni ta nuna mini, ta ce mahaifiyarta ta taɓa gaya mata duk kunun da ya tafasa ba wuta a ƙarƙashinsa zubarwa ake yi. Na ce ai akwai wuta, ba ta ganinta ne kawai, shi ya sa ake ce mata lantarki. Kumfar kuma iska ce irin ta lemon kwalba, wadda kamfanoni ke kashe kuɗi su sa, mu kuwa Allah ya ba mu kyauta. Ita tana da ciwon suga, tun da daɗewa ba ta shan kunun bayan an sa sukari, iyakarta ta ɗanɗana a harshe lokacin tata. Don haka ni ne mai ɗanɗano. Na sha kofi guda na ce ban taɓa jin kunu mai rai irin wannan ba.

Kuma gaskiya na faɗa. Yana da ɗan cizo a harshe, yana sauka da ɗumi har ƙirji. Na kwana uku ya fi na kwana biyu, na kwana biyu ya fi sabo. Na tsinci kaina cikin wani nishaɗi da rabona da shi tun ina saurayi. Na rubuta wa gwamnati doguwar wasiƙa a kan gyaran ilimi, shafi tara, Allah ya taimake ni ban aika ba. Barcin rana kuwa sai an tashe ni sallar la'asar da ƙyar.

A gindin dalbejiya ma abubuwa suka canza. Wani tsohon tela da shekara goma ba a ji ya haɗa jimla uku a jere ba, ya ba da labarin zuwansa Makka a ƙasa tun daga Gumel, alhali kowa ya san a jirgi ya je. Wasu 'yan'uwa biyu da suka daɗe ba sa magana saboda iyakar gona suka rungume juna suna hawaye, washegari suka sake ɓatawa, bayan la'asar suka sake shiryawa. Wani dattijo mai ciwon gwiwa ya tafi gida ya manta sandarsa har sau biyu. Aka yanke hukunci cewa kunun magani ne. Jug ɗaya ya daina isa. Direbobi suka riƙa tambaya musamman a ba su na lantarki. Wani direban Sule Tankarkar ya zo da ƙorafin cewa robobi uku sun fashe masa a but ɗin mota, sun yi ƙara har fasinja sun yi salati, amma bai tafi ba sai da ya sayi wasu shida. A karon farko a rayuwata na ji an yi kwatance da gidan Malam mai injin kunu. Ranar na yi tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Yanzu in na tuna abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan: shekara talatin da ɗaya ina rubuta wa yara a allo cewa sukari da ɗumi da ƙwayar yis mai kumbura burodi in sun haɗu a rufaffen wuri barasa suke haifarwa. Na fitar da tambayar a jarrabawa ba adadi, na kayar da yaran da suka kasa amsawa. Amma a allo na san ta. Ban taɓa jin warinta ba, ban taɓa ganin ta a kofi ba. Haka duk dattawan nan, mutanen da suka tashi daga makarantar allo zuwa gona zuwa masallaci. A tunaninmu giya aba ce mai zuwa a koriyar kwalba daga wani gari, ana shan ta a bayan katanga. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa za ta iya fitowa daga madafar Hajiya a cikin jug ɗin sadaka, da bisimilla a kai.

Mutum ɗaya ne bai sha ba. Baba Saje tsohon soja ne, ya haura saba'in, shi ke share masallaci, shi ke buɗewa shi ke rufewa, ba a taɓa ganin sa a sahu na biyu ba. Ranar da kunun ya fara cizo ya kai kofi baki, ya tsaya, ya ajiye, ya ce gyambon cikinsa ya tashi. Kullum haka, har kusan mako uku. Yana zaune a gefe yana jan carbi, yana kallon tela na zuba labari, fuskarsa kamar mai riƙe da garwashi.

Ana nan sai ƙanwar Hajiya da ke aure a Gagarawa ta aiko a yi mata jarka shida, 'yarta ta sauke Alƙur'ani za a yi walima ranar Asabar. Na faɗi haka a majalisa da alfahari, na ce na tanadi na kwana huɗu, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Ranar Juma'a da hantsi sai ga Baba Saje yana sallama. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sanyi, ya sake tambayar yaran. Daga nan ya ce in kawo masa kunun walimar a kofi. Na kawo. Bai sha ba, ya dai kai hanci, ya rufe ido, ya ajiye nesa da tabarma.

"Malam, abin nan na san shi," in ji shi. "Kuma ba a masallaci na san shi ba."

Ya gaya mini a hankali, yana kallon ƙasa. Yana saurayi a bariki, can kudu, ya yi shekara shida yana shan burkutu, har Allah ya shirye shi. Shekara arba'in da wani abu ke nan, ko matarsa ba ta sani ba. Tun kurɓar farko ya gane. Kullum yana niyyar magana, sai ya tuna tambayar da za ta biyo baya, wato a ina ya san warin, sai bakinsa ya mutu. Ya ce tsofaffi su yi ta rungumar juna ya iya kawar da kai, Allah ya yafe masa, amma ba zai iya bari a ba yara masu sauka ba. Hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa gumi ya jiƙe ni sharkaf a cikin sanyin nan, don tun kafin ya gama na ga allon ajina a gabana da rubutun hannuna.

Muka yi shawara irin ta maza. A tuntsurar da tukunya a bayan gida, a ce inji ya lalace, a koma gas. Ba wanda ya sani, ba wanda zai sani. Shi ya tsira da sirrinsa, ni da nawa. Na raka shi ƙofa ina jin kamar an sauke mini dutse.

Dole dai in gaya wa Hajiya dalilin zubar da jarka shida. Na same ta tana wanke robobi. Na yi ta kewaye-kewaye da kalmomin kimiyya, ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni da Hausa ko giya nake nufi. Na ce kusan haka. Ta tambayi Baturen nan mai shayin sha'ir me yake dafawa. Na faɗa mata. Ta zauna a kan turmi, hannunta na ɗigar ruwa, ta daɗe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka yi mata rasuwar uwa. Na yi sauri na kawo mata shawarar da muka yanke, ban ambaci sunan wanda ya gane ba, na ce magana ta mutu a nan.

"Mutane sun sha daga hannuna sun tashi sun yi salla," ta ce. "Direba ya sha ya ɗauki rayukan mutane a mota. Mai ciki ta aiko na ba ta. Kai kana ganin ta mutu?"

Na ce ba da sani aka yi ba. Ta ce shi ya sa za ta je su sani. Na roƙe ta, na nuna mata magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, sunan da ta yi shekara ashirin da shida tana ginawa zai rushe a wuni ɗaya. Ta ce sunan da sai an rufe shi da ƙarya ba nata ba ne. Ta yi wanka, ta sa mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa, ta fita. Gida-gida ta bi. Ta je gidan liman ta gaya wa matansa su isar masa. Ta je tasha da ƙafarta, ita da ba ta taɓa tsayawa gaban direbobi ba. Ta kira Gagarawa. Ko'ina cewa take kununta ya lalace ya zama abin maye, a yafe mata. Ba ta ambace ni ba ko sau ɗaya. Ni ina gida ina kwance wayoyi, ina gaya wa kaina ai wani ya kamata ya tsaya ya kula da kayan wuta. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Sai da na kwana biyu kafin na iya zuwa gindin dalbejiya. Na tsaya a tsaye na faɗi komai, har bidiyon, har shayin sha'ir. Na ce matata ta hana, ni na danne ta da boko. Liman ya yi bayani mai kyau, ya ce wanda ya sha bai sani ba babu laifi a kansa, sallarsa na nan, a yi istigfari a kiyaye gaba. Sai mai ciwon gwiwa ya ce shi dai tun da aka daina ciwonsa ya dawo. Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Tela ya rantse shi tun farko ya ji abin bai kwanta masa ba. Kowa ya zama ya ɗan yi zargi. Wani ya tambayi yadda aka yi aka gane, na ce littafi na duba. Baba Saje bai ɗago kai ba. Kafin a tashi an raɗa mini Injiniya, sunan da har yau ake kirana da shi, ana dafa kafaɗata.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a garinmu ba haka aka yi ba. Ni na zama abin ba da labari a wurin ɗaurin aure, mutane har so suke in zo in ba da shi da bakina. Ita kuwa a cikin gidaje ba injin ake tunawa ba, hannun da ya miƙa kofi ake tunawa. Wasu suka ce ai mace ba za ta yi shekara ashirin da shida tana kunu ta ce ba ta sani ba. Wasu suka ce dama sun daɗe suna mamakin yadda nata ya fi na kowa. Masu suna suka koma wurin wata. Ƙanwarta ta yi walima da zoɓo. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne waɗansu da suka riƙa zuwa suna rage murya a ƙofar gida, suna tambaya ko akwai ragowar na lantarkin, ko nawa ne za su biya. Ranar da na farko ya zo ta shiga ɗaki ta yi kuka, ina jin ta, na rasa fuskar da zan shiga da ita.

Wata biyu ba ta dama ba. Na kai tukunyar aka liƙe hudojin da dalma, tabo uku suka zauna a jikinta. Na ɗauko tukunyar gas da kaina na kai ɗuri na dawo da ita a bayan babur. Wata safiya na ji ƙamshin citta da kanumfari ya cika gida. Ɗan kaɗan ta yi, wanda bai fi na mutum goma ba, a tukunyar da ta dirje da toka har tana ɗaukar ido. Jiya ta dama, yau ta tace, yadda take yi tun muna amarci. Ta zubo a kofin silba ta kawo mini har inda nake zaune, ta durƙusa ta miƙo da hannu biyu, ta tsaya tana jiran in ce wani abu.

Wallahi ban yi niyya ba. Na karɓa na yi bisimilla, amma kafin kofin ya kai bakina sai da na kai shi hanci na shinshina.

Ta gani. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo hannu ta karɓi kofin a hankali, ta shanye shi tas a gabana, da sukarinsa da ciwon sugarta, ta juya ta koma madafa. Na ji tana ɗauraye kofin.

Ta ci gaba da yin kunu, kasuwa ta ɗan dawo, ko da yake ba kamar da ba. Shekara uku ke nan. Tana dafa mini tuwo, tana kawo mini shayi, muna hira muna dariya. Kunu dai in ina so sai in tashi in ɗebo da kaina, ba ta sake miƙa mini da hannunta ba.